Ƙuri'ar 'Yan Kallo: Daga Shafin Jarida Zuwa Albashin Ɗan Wasa

A watan Disambar 2022 hukumar NFL, wadda ke shirya gasar zari-ruga ta ƙwararru a Amurka, ta rufe karɓar ƙuri'un 'yan kallo na zaɓen gwanayen shekara. Wanda ya fi kowa ƙuri'a a duk faɗin gasar shi ne Tua Tagovailoa na ƙungiyar Miami Dolphins, da ƙuri'u sama da 300,000. Bayan 'yan kwanaki aka fito da sunayen waɗanda aka zaɓa, babu nasa. Gurbi uku aka ware wa masu jefa ƙwallo a ɓangarensa, aka ba Patrick Mahomes da Josh Allen da Joe Burrow. Da ranar bikin ta zo a Las Vegas cikin Fabrairun 2023, ko ɗaya daga cikin ukun bai buga ba. Mahomes yana shirin wasan ƙarshe na Super Bowl, sauran biyun suka janye. Tua, wanda shi ne ya kamata ya maye gurbi, yana jinyar bugun da ya samu a ka. Aka yi ta bin jerin masu jiran gado har aka kai kan Tyler Huntley na Baltimore, wanda ko a ƙungiyarsa ɗan benci ne, kuma sau biyu kacal ya jefa ƙwallon da aka ci maki da ita a kakar. Yau in ka buɗe kundin gasar, Huntley yana cikin gwanayen 2022, Tua ba ya ciki.

Wasan da muke magana a kai shi ne wanda Amurkawa suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake hannu da kafaɗa sun fi ƙafa aiki a cikinsa. Ƙanen zari-ruga ne, ana sa hular kwano, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe. Bikin gwanayensa na shekara-shekara shi ake kira Pro Bowl. Kafin mu yanke hukunci cewa an zalunci Tua, ko an yi wa 'yan kallo fashin ƙuri'a, ya kamata mu san wanda ya fara miƙa wa ɗan kallo takardar zaɓe, da abin da yake nema da ya miƙa masa.

Ɗan jarida ne, ba mai horarwa ba. Sunansa Arch Ward, editan wasanni na jaridar Chicago Tribune. A 1933 birnin Chicago yana karɓar baƙuncin baje kolin duniya, ƙasar kuma tana tsakiyar karayar tattalin arziki, filayen wasa sun yi fayau. Ward ya kawo shawarar a haɗa gwanayen manyan gasannin besbol biyu su kara da juna sau ɗaya, kuma jama'a su zaɓi waɗanda za su buga. Takardar zaɓen a cikin jarida ake buga ta, ka yanke da almakashi, ka cike, ka aika ta gidan waya. Ranar 6 ga Yulin 1933 aka buga wasan a filin Comiskey Park gaban mutum sama da 47,000, Babe Ruth ya tilla ƙwallo wajen fili, ɓangarensa ya ci 4 da 2. Abin da aka shirya yi sau ɗaya ya zama al'ada har yau.

Mu lura da inda takardar take. Duk mai son jefa ƙuri'a sai ya nemi jarida, mai son jefa biyu sai ya nemi biyu. Makonni kafin wasan jarida tana da labarin bugawa kullum: wane ne a gaba, wane ne ya faɗo. Ward bai yi ƙarya ba da ya ce wasan na jama'a ne, amma zaɓen tun ranar haihuwarsa hanyar tara idanu ne, ba ma'aunin ƙwarewa ba.

Shekara guda bayan haka ya ɗauki dabarar ya kai ta zari-ruga. A lokacin wasan jami'o'i shi ne mai daraja, ƙwararru kuwa ana yi musu kallon 'yan neman na abinci. Ward ya ce a haɗa zakarun ƙwararru da gwanayen da suka kammala jami'a, jama'a su zaɓi ɗaliban ta jaridu. Ranar 31 ga Agustan 1934 mutum kusan 80,000 suka cika filin Soldier Field, Chicago Bears da ɗaliban suka tashi babu ci. A wasan 1935 cikin ɗaliban akwai wani saurayi daga jami'ar Michigan mai suna Gerald Ford, wanda bayan shekara 39 ya zama shugaban ƙasa. Wannan wasa ya rayu har 1976, ranar da hadari ya tarwatsa shi Pittsburgh Steelers suna gaba da 24 da nema, 'yan kallo suka kutsa fili, ba a sake buga shi ba.

NFL ta fara nata wasan gwanaye a Janairun 1939 a Los Angeles, inda New York Giants suka doke haɗakar gwanaye 13 da 10. Yaƙin duniya na biyu ya dakatar da shi bayan 1942. Ya dawo a Janairun 1951 da sunan Pro Bowl, kuma masu jaridun Los Angeles ne suka ɗauki nauyinsa. Sai dai a wannan karon ba a ba ɗan kallo takarda ba. Da farko masu horarwa da 'yan jarida ne ke zaɓe, daga baya ya koma hannun 'yan wasa da masu horarwa. Haka aka tafi shekara arba'in da huɗu. A ganinmu ba abin mamaki ba ne, domin duk mai riƙe da wata gasa a Amurka a waɗannan shekaru ya ga abin da ya faru a Cincinnati.

A 1957 zaɓen gwanayen besbol yana hannun jama'a, kuma babu dokar da ta ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Mutanen Cincinnati suka ɗauki abin da zafi. Wata jaridar birnin ta riƙa buga takardar zaɓe da sunayen 'yan ƙungiyar garin, Reds, an riga an cike, aikinka kawai ka sa hannu ka aika. Gidajen rediyo suna ta kiran mutane. Ana ba da labarin mashayun da ba sa sayar wa mutum komai sai ya cike tasa. Da aka ƙirga, fiye da rabin ƙuri'un ɓangaren daga Cincinnati suka fito. Cikin gurabe takwas, 'yan Reds sun kwashe bakwai, Stan Musial na St. Louis kaɗai ya tsira. Cikin waɗanda aka kayar akwai Willie Mays da Hank Aaron, mutum biyu da har gobe ake sa su a sahun farko na duk wanda ya taɓa riƙe sandar besbol. Aaron ma shi ne ya zama gwarzon gasar a wannan shekarar.

Kwamishinan wasan, Ford Frick, ya cire Gus Bell da Wally Post daga jerin masu farawa, ya sa Mays da Aaron. Sannan ya ƙwace zaɓen daga hannun jama'a baki ɗaya. Daga 1958 zuwa 1969 'yan wasa da masu horarwa ne suka yi ta zaɓen junansu.

A littattafan tarihi ana kiran wannan aringizon ƙuri'u, mu kuwa da muke rubuta manhaja muna ganinsa da wani ido. Mutanen Cincinnati ba su karya doka ko ɗaya ba. An ba su akwati marar murfi, an ce su zuba yadda suke so, suka zuba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya ba Frick haushi shi ne tsarin ya yi aikin da aka gina shi ya yi, ya auna zafin ƙauna, alhali shi yana so ya karanta sakamakon a matsayin ƙwarewa. Duk wanda ya taɓa gina rumbun bayanai ya san wannan ciwon: ka tanadi gurbi don wani abu, shekara biyar baya ka tarar wani sashe yana yanke hukunci da shi a kan wani abin daban.

A 1970 sabon kwamishina, Bowie Kuhn, ya mayar wa jama'a ƙuri'arsu, saboda wasan ya fara rasa armashi. Wannan karon da kati mai huji ake yi, irin wanda kwamfutocin zamanin ke karantawa, kamfanin reza na Gillette ya ɗauki nauyi, ana rabawa a filayen wasa da kantuna. Katin ya zo da tasa matsalar. Dole a buga sunaye tun kafin kaka ta yi nisa, don haka wanda tauraronsa ya haska bayan an kai katin maɗaba'a babu shi a ciki. Rico Carty na Atlanta, wanda ya fi kowa iya bugu a ɓangarensa a shekarar, sai da mutane suka riƙa rubuta sunansa da hannu kafin ya shiga. Haka aka yi wa Steve Garvey a 1974.

Sai a kakar 1995 NFL ta buɗe ƙofa, kuma ta buɗe ta da sarƙa a jiki. Aka raba nauyin zaɓen gida uku: kashi ɗaya na 'yan kallo, ɗaya na 'yan wasa, ɗaya na masu horarwa. 'Yan wasa da masu horarwa ba a yarda su zaɓi ɗan ƙungiyarsu ba. Ɗan kallo kuwa ya zaɓi wanda ya ga dama, sau nawa ya ga dama.

A nan ya kamata mu ɗan yi lissafi, domin a cikinsa dabarar take. Yau ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowace da 'yan wasa 53, wato mutum 1,696. Kashi ɗaya bisa uku yana hannun ƙungiyoyin horarwa 32. Mu ƙaddara mutum miliyan ɗaya ne suka jefa ƙuri'a a ɓangaren 'yan kallo. Nauyin takardar mai horarwa guda ya kai na 'yan kallo 31,250. Idan masu zaɓen suka ninka, darajar ƙuri'ar kowannensu ta ragu da rabi, ta mai horarwa kuma tana nan yadda take. Wannan ya sa NFL ba ta da bukatar gadin akwati kamar yadda besbol ke yi. Ko an cika shi ya tumbatsa, nauyinsa bai wuce kashi ɗaya bisa uku ba. Da zaɓen ya koma intanet, sannan ya shiga Twitter da maudu'in #ProBowlVote, hukumar har garaɓasa take yi: a kwanakin ƙarshe kowace ƙuri'ar dandalin sada zumunta ana lissafa ta biyu, wanda ya sake yaɗa saƙon wani ma an lissafa masa. Babu hukumar da ke son sanin ra'ayin mutane da gaske da za ta ce ƙuri'ar Litinin ta ninka ta Juma'a. Abin da ake ƙirgawa shi ne zirga-zirga, sau nawa aka ambaci sunan gasar, mutum nawa suka shiga shafin. Arch Ward zai gane wannan tsari nan take.

An gwada ƙarfin sarƙar a 2008. Shekarar zaɓen shugaban ƙasa ce, sai ƙungiyar Washington ta kwaikwayi 'yan siyasa, ta buɗe kamfen na a zaɓi 'yan wasanta daga sama har ƙasa, abin da mu za mu kira sak. Magoya bayanta suka amsa, 'yan wasanta suka hau gaba a mafi yawan guraben ɓangarensu. Ƙungiyar kuwa wasa 8 ta ci, ta sha kashi a 8, ita ce ta ƙarshe a rukuninta. Da aka haɗa da ƙuri'un 'yan wasa da masu horarwa, huɗu suka rage: Clinton Portis, Chris Cooley, Mike Sellers da Chris Samuels. Babu kwamishinan da ya fito ya soke komai, babu wanda aka ƙwace wa ƙuri'a. Lissafi ya yi aikin da Frick ya yi da hannu.

Kada wannan ya sa mu ɗauka sauran kashi biyun malaman hisabi ne. Ɗan wasa yana kallon bidiyon abokan karawarsa na mako mai zuwa ne, ba na gasar duka ba, kuma akwai ƙungiyoyin da zai shekara bai haɗu da su ba. In aka miƙa masa takarda a Disamba, sunan da ya sani shi zai rubuta. Abin ya fi muni a guraben da ba su da alƙaluma, kamar ƙartin da ke tsaye a sahun gaba suna kare mai jefa ƙwallo, waɗanda in sun yi aikinsu da kyau ba a jin sunansu. A Disambar 2012 ƙungiyar Green Bay ta ajiye Jeff Saturday a benci saboda ƙarfinsa ya ja baya, yana da shekara 37. Bayan 'yan kwanaki aka sanar da shi cikin gwanayen shekara. A ɗaya gefen ga London Fletcher, wanda ya yi kaka 16 bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba, yana cikin masu yawan kayar da abokan gaba kusan kowace shekara, amma sai a kakarsa ta 12 ya fara zuwa Pro Bowl, shi ma a matsayin mai maye gurbi. Suna yana riga mutum zuwa, yana kuma daɗewa bayan ƙarfinsa ya tafi, ko a hannun 'yan kallo ko a hannun abokan sana'a.

Akwai ranar da ƙuri'ar ta faɗi abin da alƙaluma ba za su iya faɗa ba. Sean Taylor, ɗan bayan Washington, yana da shekara 24 lokacin da ɓarayi suka shiga gidansa a Florida suka harbe shi. Ya rasu ranar 27 ga Nuwambar 2007, zaɓe yana gudana. Ya cancanta tun yana raye, domin sau biyar ya cafke ƙwallon abokan gaba a wasa tara. Mutane suka ci gaba da zaɓensa bayan an binne shi, aka sanar da sunansa cikin gwanaye. A Honolulu cikin Fabrairun 2008 abokan ƙungiyarsa uku suka sa lambarsa, 21, kuma da ɓangarensa ya fito tsaron farko, mutum goma suka tsaya, aka bar gurbinsa fili. Wanda duk ya ce a soke ƙuri'ar jama'a gaba ɗaya sai ya gaya mana wace hanya ce dubban mutanen nan suke da ita ta yin ta'aziyya a cikin kundin wasan.

Intanet ta sauya abu biyu, sauri da iyaka. A 1999 wani mai rubuta manhaja, masoyin ƙungiyar besbol ta Boston, ya rubuta 'yar gajeriyar manhaja da harshen Perl wadda ta jefa wa Nomar Garciaparra dubun-dubatar ƙuri'u cikin ɗan lokaci. Hukumar ta gano, ta zubar da su. Aikin da ya ci wa mutanen Cincinnati makonni da tawada da kan sarki, mutum ɗaya ya yi shi kafin shayinsa ya huce. A 2015, shekarar da besbol ta daina takarda baki ɗaya, an yarda kowane adireshin imel ya yi zaɓe sau 35. Adireshin imel kuwa kyauta ne, kowa ya sani. Aka wayi gari 'yan Kansas City Royals suna gaba a gurabe takwas, hukumar ta ce ta soke ƙuri'u sama da miliyan 60 da take zargi. A ƙarshe huɗu suka shiga. Wannan matsala ba ta da magani mai sauƙi, kuma mun san haka daga aiki: ba za ka iya tabbatar da mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba sai ka san wane ne mutumin, in kuwa ka tsananta tambaya mutane su watse, su ne kuma kake nema.

Maganar iyaka ta fi shafar mu. Da NBA ta fara buga takardar zaɓe da harshen Sinanci, Yao Ming ya kayar da Shaquille O'Neal a 2003 yana sabon shiga, a 2011 kuma aka zaɓe shi ya fara wasa alhali sau biyar kawai ya buga a kakar. A 2015 ƙaramar ƙasar Latbiya ta ɗora ɗanta Zemgus Girgensons a kan kowa a zaɓen ƙwallon gora ta ƙanƙara. A 2016 mutanen Jojiya suka kusa shigar da Zaza Pachulia cikin gwanayen NBA, ƙuri'u kusan 14,000 suka hana. Shekara ta gaba NBA ta bi sawun NFL: rabi na 'yan kallo, kwata na 'yan wasa, kwata na 'yan jarida. Pachulia ya sake samun ƙuri'un jama'a masu ɗimbin yawa, sabon lissafin ya tsayar da shi a bakin ƙofa.

Mu masu kallon ƙwallon ƙafa ta gaske mun ga irinsa da idonmu. A 2018 kyautar Puskás ta FIFA, ta ƙwallon da ta fi kyau a shekara, tana hannun jama'a ɗungurungum. Ƙwallon da Mohamed Salah ya ci Everton ta doke wadda Gareth Bale ya ci da baya a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, da wadda Cristiano Ronaldo ya ci Juventus. Ƙwallon Salah mai kyau ce, amma ko a gidajen kallo na masoyansa ba kowa ne zai rantse ta fi waɗancan ba. Masar da Afirka da ƙasashen Larabawa suka yi abin da Cincinnati ta yi wa nata. A 2019 FIFA ta shigo da kwamitin tsofaffin 'yan wasa cikin hukuncin. Ko'ina labarin ɗaya ne: a kira jama'a, jama'a su zo da yawan da ba a zata ba, daga inda ba a zata ba, sai a rage musu nauyi amma a bar musu akwatin, domin akwatin shi ne kasuwar.

Wani lokaci jama'a da gangan suke yi, don su nuna sun gane wasan. A 2016 masu kallon ƙwallon gora ta ƙanƙara suka haɗa baki suka zaɓi John Scott, ƙato mai aikin dambe a fili, wanda ƙwallo biyar ya ci a duk rayuwarsa ta gasar NHL. Aka nemi ya janye, ya ƙi. Ƙungiyarsa ta Arizona ta sayar da shi ga Montreal, su kuma suka tura shi ƙaramar gasa. Jama'a suka yi ca, dole aka bar shi ya je Nashville. Ya ci ƙwallo biyu, abokan wasansa suka ɗaga shi a kafaɗa, aka ba shi gwarzon bikin. Bayan nan hukumar ta gyara doka yadda irin haka ba za ta sake faruwa ba.

Shi kansa wasan Pro Bowl, yayin da ake ta wannan kai-komo a kan zaɓe, mutuwa yake yi a tsaye. Zari-ruga wasa ne da ba ya yiwuwa da rabin zuciya, kuma babu mai son karya ƙafa a wasan nishaɗi. Kowa yana tuna Robert Edwards na New England, wanda bayan kakarsa ta farko mai kyau ya je Hawaii a 1999, ya shiga wani wasan sababbin shiga a kan yashin bakin teku, gwiwarsa ta tarwatse har likitoci suka yi maganar yanke ƙafar. Daga 1980 zuwa 2009 a filin Aloha na Honolulu ake yi, bayan Super Bowl, 'yan wasa suna ɗaukarsa hutu da iyali. A 2010 aka dawo da shi mako guda kafin Super Bowl, wanda ke nufin 'yan ƙungiyoyi biyu mafi ƙarfi ba za su taɓa halarta ba. Masu maye gurbi suka yawaita. A bikin 2016 sai da aka kira mutum sama da 130 kafin a cike gurabe ƙasa da 90. A Janairun 2012 'yan kallo sun yi wa 'yan wasa ihu saboda wasan ya koma rungume-rungume, kwamishina Roger Goodell ya ce yana iya soke shi. Aka gwada rusa ɓangarori daga 2014 zuwa 2016, tsofaffin gwanaye irin su Jerry Rice da Deion Sanders suna zaɓen 'yan wasa kamar yara a filin unguwa. A 2021 annobar korona ta hana wasan, amma an yi zaɓe, an fitar da sunaye. Daga 2023 aka daina kayarwa gaba ɗaya, aka koma wasan fizge ƙyalle daga ƙugu da gasannin nuna gwaninta.

Shekarar 2021 ta tona asiri: ana iya rayuwa babu wasan, amma ba a iya rayuwa babu jerin sunayen. Jerin shi ake ɗauka a rubuta a gaban sunan mutum har abada. In ana muhawarar wanda ya cancanci shiga zauren girmamawa na Canton, a jihar Ohio, abin da ake fara ƙirgawa ke nan: Tom Brady sau 15, Peyton Manning da Tony Gonzalez da Bruce Matthews da Merlin Olsen sau 14. Ba a tsayawa a tambayi wanne aka samu kafin 1995, wanne aka samu da kamfen ɗin Twitter, wanne aka samu saboda mutum uku sun ƙi zuwa. Akwai wani jerin da ya fi tsauri, All-Pro, wanda 'yan jarida 50 ke zaɓa wa kamfanin dillancin labarai na AP, amma Pro Bowl ne a bakin jama'a. Wakilan 'yan wasa kuma sun daɗe suna sa shi cikin kwantiragi, in an zaɓe ka a ƙara maka kaza.

A 2020 aka kai abin inda Arch Ward bai taɓa mafarki ba. Ɗan wasan da aka ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin shiga yana sa hannu a kwantiragin shekara huɗu, ƙungiya kuma tana da damar riƙe shi shekara ta biyar a kan farashin da doka ta yanka. Yarjejeniyar da hukumar ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a shekarar ta ɗaure wannan farashi da Pro Bowl. Wanda aka zaɓa sau biyu a kakarsa uku na farko za a biya shi kwatankwacin abin da manya biyar na gurbinsa ke samu. Wanda aka zaɓa sau ɗaya, kwatankwacin na manya goma. Wanda ba a zaɓa ba ya faɗo matakan ƙasa, inda ake duba yawan lokacin da ya buga. An kuma rubuta ƙarara cewa zaɓen farko kaɗai ake lissafawa, mai maye gurbi ba ya ciki. Wato su kansu masu yarjejeniyar sun san darajar jerin ba ɗaya ba ce, sun tace wanda za su tace, amma sun bar kashi ɗaya bisa uku na ɗan kallo, da ƙuri'arsa marar iyaka da garaɓasar kwanakin ƙarshe, a cikin abin da ke yanka albashin mutum.

Burrow da Tua da Justin Herbert duk a 2020 aka ɗauke su, na 1 da na 5 da na 6. Herbert ya shiga Pro Bowl a kakar 2021, Burrow a 2022. Farashin shekara ta biyar na kowannensu ya tsaya a kan dala miliyan 29.5. Na Tua, wanda ya fi kowa ƙuri'ar jama'a a 2022 amma 'yan wasa da masu horarwa suka fifita wasu, ya tsaya a kan miliyan 23.2. Tazarar ta haura dala miliyan 6. Dukansu ukun daga baya sun sa hannu a manyan kwantiragi, amma daga kan waɗannan lambobi aka fara ciniki. A kakar 2023 Tua ya fi kowa nisan jifa a gasar, aka zaɓe shi Pro Bowl a zaɓen farko, shi ne ma mai farawa. Kakarsa ta huɗu ce, dokar kuwa uku na farko take ƙirgawa.